Akumarin Madam

Ranar kasuwar Madawa da ta wuce na shiga neman basilla. Ba wani ɗinki ne a gabana ba, tsufa ne kawai, yakan sa mutum marmarin riƙe abin da hannunsa ya saba da shi. Na bi ta layin da masu akumari suke zama a da, can bayan 'yan tabarmi, sai na tarar da rumfunan masu cajin waya da masu sayar da gilashin ido. Na tambayi wani saurayi ko ya san inda masu akumari suka koma. Ya cire abin da ya toshe kunnensa da shi, ya dube ni cikin ladabi, ya ce, "Baba, akumari magani na?" Ban ji haushinsa ba. Dariya na yi har da tari. Sai da na shiga mota zan koma gida na ji dariyar ta tafi ta bar mini wani abu mai nauyi a ƙirji.

Mu mutanen tudu ne. Garinmu yana kan dutse tsakanin Buza da Keita, inda hanya ba ta san miƙewa ba, sai hawa da gangara da baƙaƙen duwatsu masu cin takalmi. A zamanin da nake magana mota ba ta zuwa wurinmu, ƙararta kawai mukan jiyo daga nesa idan iska ta juyo. Duk abin da ya shigo garin, gishiri ne ko kanwa ko albasar kwari ko kayan amarya, to ko dai a kan mutum ya zo ko a bayan dabba. Shi ya sa safiyarmu take da sautinta na daban. Bayan an sallame asuba sai ka ji jakuna sun ɗauki kuka gida gida, kofato yana dukan tsakuwa, taiki na fata yana ƙara idan an ja igiya, wani yana kiran maƙwabcinsa ya zo ya kama masa ɗaya gefen. Ba a ɗora wa dabba kaya da mutum ɗaya, sai an ɗaga gefe biyu a lokaci guda, don haka ko kuna faɗa da maƙwabcinka dole ku yi magana da safe.

Mahaifina shi ne mai akumarin garin, kuma har daga Babankatami da Azarori ana kawo masa aiki. Ga wanda bai sani ba, akumari shi ne abin da ake shimfiɗa wa dabba a baya kafin a ɗora kaya. Matasai ne dogaye guda biyu, a ɗinka su da fata ko tsohon buhu, a cusa musu ƙaiƙayin hatsi har su yi tauri, a haɗe su ta sama yadda kowanne zai kwanta a kan haƙarƙari, tsakiya kuma a bar rami a kan ƙashin baya. Wannan ramin shi ne aikin duka. Baba yakan kira shi hanyar iska, kuma idan an gama ɗaure kaya sai ya cusa hannunsa ciki har gwiwar hannu. In hannun bai shiga ba, ko sarki ke jira sai an kwance. Ba ya ɗinka akumari sai an kawo masa dabbar ya shafa bayanta, ya ga inda ta cika da inda ta faɗa. In mutum ya zo aron akumari sai ya ce masa, "Ka taɓa aron haƙoran wani ka tauna goro?" Yakan ba mu labari cewa kakanninsa fata kawai suke jefa wa takarkari a baya, sai da suka yi cuɗanya da Buzaye masu ayari suka ga yadda suke tattalin bayan raƙumi, sannan suka koyi barin ramin nan. Ko gaskiya ne ko ƙari, ban sani ba, amma ya sha faɗa cewa kaya ba ya kashe jaki, shimfiɗa ce ke kashe shi.

Yanzu kuwa amalanke mai tayar mota ta zo, babura sun zo, hanya ta ratsa har ƙofar masallacinmu. Ba na ƙin sauƙi, ni ma ƙafafuna sun gode. Amma ina zaune a ƙofar gida nakan ga an wuce da jaki an jibga masa jarkokin ruwa a kan guntun buhu, bayansa ja wur, ƙudaje na bi, mai shi kuma yana tafe yana magana a waya. Da can in aka ga miki a bayan jakinka, kai ake wa kallon mai miki. Ana iya hana mutum aure a kan haka, don tsofaffi sukan ce wanda bai tausaya wa bayan da ke ciyar da shi ba, ba zai tausaya wa 'yar mutane ba. Nakan buɗe baki zan yi faɗa, sai in tuna ni wane ne, in ja bakina in yi shiru.

Muna da alfadara guda, ita kaɗai ce a duk yankin. Baba ya samo ta ne a hannun wani bafatake da ya gaji da halinta. Ja ce, doguwa, kunnuwan jaki da wuyan doki. Yara sukan biyo ta suna tsokana, suna tambayarta wane ne ubanta, wani daga cikinsu ya amsa a madadinta da cewa doki ne kawunta. Mutanen gari suka sa mata suna Madam, saboda ba ta shan ruwan da wata dabba ta sa wa baki, ba ta cin harawar da aka taka, kuma in ba ta ga dama da kai ba sai ta juya maka baya kamar matar ma'aikaci. Amma a kan dutse babu kamarta. Kayan jaki biyu take ɗauka, ta zaɓi inda za ta sa ƙafa da kanta, ba a taɓa ɗaga mata sanda ba. Baba bai taɓa kiranta Madam ba. Shi "'yar nan" yake ce mata, da irin muryar da yake kiran ƙannena mata.

Sai aka yi farin nan na biyu, wanda ya fi na farko zafi a wurinmu. Ni lokacin na yi aure har da 'ya guda, kuma ina Abijan wajen ci-rani kamar sauran samarin Adar. Na dawo gab da damina na tarar da garin da ban gane ba. Rumbunan ƙasa a buɗe, babu ko ɓera a ciki. Mata suna jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a samu abin kaiwa baki. Jakunan gari wasu sun mutu, wasu an sayar. Madam tana nan, amma ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga bakin zaure. Abin da ya raya ta shi ne Baba ya bi akumaran da ke ɗakinsa ɗaya bayan ɗaya yana farkewa, yana zazzage ƙaiƙayin yana jiƙa mata, har ya kai ga nata na ƙarshe. Ni kuwa na dawo da rediyo, da wando mai faɗin ƙafa, da katifar soso wadda na ɗauko a ka tun daga inda mota ta sauke ni. Mutane suna shigowa ɗakina su danna ta su saki, su ga ta taso, su yi salati. Ina jin kaina a lokacin, ba zan ɓoye ba.

Wata safiya muka tashi ruwa ya sauka, irin wanda ake shuka da shi, ƙasa ta jiƙu har tsawon hannu. Ga ruwa, babu iri, don an cinye. Wanda muka sani yana da shi kawuna ne, yayan Inna, can kwarin Tama, wanda fadamarsa ta ɗan yi abin kirki kuma ya liƙe rumbu guda da laka ya rantse ba za a buɗe ba sai ranar shuka. Ya aiko tun tuni cewa in ruwa ya sauka a zo a ɗauka, mu da gidajen danginmu. Laimar tudu ba ta wuce kwana biyu zuwa uku. In ta tafi ba ka shuka ba, sai ka jira wani ruwan, kuma a shekarun nan ba wanda ya san ko akwai wani. Dabbar da za ta iya zuwa ta dawo a yini guda ita ce Madam, akumarinta kuwa fanko ne.

Baba ya fito da fankon ya shimfiɗa a ƙasa. Ya ce mini, "Hau bisa ɗakin girki ka zaro bunun da ya rage, mu daddaka shi in cusa. Bayanta ba na bara ba na, ƙashi ya hito, sai na auna ta sabo. Kahin azahar mun gama."

Na ce, "Baba, azahar? In na tashi azahar sai gobe in komo, jibi mu yi shibka, laima ta tahi. Ga abin da ya hi bunu taushi." Na shiga ɗaki na jawo katifata, na sa wuƙa na yanko rabi, matata tana kallo ta kama baki. Ji nake na yi abin da za a daɗe ana faɗi a gari.

Baba ya karɓi guntun, ya matsa shi da yatsu biyu har suka haɗu. Ya ce, "Abin da yatsuna biyu sunka lotsa, mi za ya yi ma taiki biyu?"

Maza sun riga sun taru a zaure, kowa da sungumi a hannu kamar irin yana ƙofa. Wani ƙanen Baba ya ce, "Yaya, yaran yanzu sun ga duniya. Bar shi shi tahi, rana na yi." Baba ya dubi sama, ya dubi ƙasar da ta fara shanyewa, ya dubi alfadarar. Sannan ya ce, "To." Ya ɗauki basilla ya ɗinke bakin akumarin da soso a ciki.

Tafiyar zuwa daɗi gare ta. Ƙasa tana ƙamshi, bayan Madam babu kaya, ni kuma ina tafe ina fito. Kafin rana ta take tsaka mun gangara kwari. Kawu ya fasa lakar rumbu da hannunsa, ya auna irin gida biyar, sannan ya ƙara dawa mai yawa ta ci, yana cewa ƙanwarsa ba za ta yi noma da ciki wofi ba. Da ya zo ɗora akumari sai ya danna shi, ya saki, ya sake dannawa. Ya ce, "Ɗana, wanga aikin tsohonka na?" Na ce a'a, na Abijan ne. Ya ce, "Ashe Abijan ma ana kiwon jakkai." Muka yi dariya, muka ɗaga taiki biyu, shi da kansa ya ɗaure, ya sa mana albarka. Babu wanda ya cusa hannu ya nemi hanyar iska a cikinmu. Shi manomin lambu ne bai san da ita ba, ni kuwa na sani.

Rana bayan ruwa zafinta daban ne, tana dafa mutum a cikin rigarsa. Mun fara hawan dutse ke nan Madam ta tsaya. Ba ta taɓa tsayawa a hawa ba. Na yi mata magana, ta kwantar da kunne, fatar kafaɗarta tana rawa. Na ɗauka halin nata ne ya motsa, na karyo reshe na tsula mata, ni ne mutum na farko da ya taɓa yi mata haka. Ta ci gaba. Can wajen rabin hanya, inda wata aduwa take tsaye ita kaɗai a gefen wani babban dutse, ta sake tsayawa, wannan karon ƙafafunta na gaba suna karkarwa. Sai a lokacin na cusa hannu ƙarƙashin kayan. Babu rami. Soson ya lotse ya zama kamar tabarma, ya sha gumi, zafinsa kamar an sauke daga wuta. Na jingina ta da dutsen, na kwance igiya, na zame taikunan ɗaya bayan ɗaya a kansa, na ɗaga akumarin. Fatar kan ƙashin bayanta ta saɓule fiye da faɗin tafin hannuna, nama ja a fili.

Na zauna a gindin aduwar na daɗe. Na san abin da Baba zai yi a kan kowace dabba a kowace rana: ba a mayar da kaya a kan miki. Zan iya zama a nan in tsare hatsin har Allah ya kawo mai wucewa in aika gida, maza su zo da safe su ɗauka a ka. Yini guda za mu rasa, wataƙila laima ta jira, wataƙila ba ta jira ba. Na yi shekara da shekaru ina gaya wa kaina cewa tsoron rasa laimar ne ya yanke mini shawara, kuma akwai shi a ciki, don na tuna 'yata tana tauna anza tana yamutsa fuska. Amma yanzu na tsufa, ba ni da wanda zan yi wa ƙarya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mazan da ke zaure za su zo su ga soson Abijan a lotse. Kunya na ji, da girman kai. Na mayar da akumarin a kan mikin, na turo taikunan daga kan dutsen, na ja igiya. Da na matse igiyar ciki ta waiwayo ta dube ni. Madam da ke harbin baƙo don ya tsaya kusa da ita, ranar nan ba ta ɗaga ƙafa ba. Ta sunkuyar da kai ta kama hawa.

Mun shiga gari rana tana shirin faɗuwa. Mata suka rangaɗa guɗa, tsofaffi suna shafa taikunan suna hamdala. Baba ne ya kwance kayan. Da ya zo ɗaga akumarin sai ya ƙi ɗaguwa, ya manne. Ya sa aka kawo ruwan ɗumi ya dinga zubawa a hankali har ya saki. Abin da na gani a gindin aduwa ya ninka, har farin ƙashi ana hangowa. Na dafe kai na ce, "Subhanallahi! Wallahi ban lura ba." Baba ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da idonsa kan aikinsa.

Washegari muka yi shuka, maza suna sara da sungumi, mata suna bi suna jefa iri suna rufewa da diddige. Gida biyar ba wanda ya bar ko kadada. Kwana huɗu tsiro ya fito layi layi, ruwa kuma ya ci gaba da zuwa kamar yana neman gafara. Ni kuwa safe da yamma ina wajen turke. Ina wanke mikin da ruwan bagaruwa, ina barbaɗa toka, ina rufewa da tsumma saboda ƙudajen damina. Duk da haka tsutsa ta shiga. Da tsinke nake ciro su ɗaya ɗaya. Mutane suna wucewa suna yaba mini, suna cewa ɗan mai akumari ya gaji tausayin ubansa, kowace yabo kuma sai in ji kamar an watsa mini barkono. Ga ciyawa ta fito ko'ina, irin wadda Madam ta shekara tana jira, amma sai ta shinshina ta kau da kai. Ta mutu da hantsi, a makon da hatsi ya fara fitar da kai.

A al'adarmu in jaki ya mutu ja ake yi a kai shi bayan gari, ungulu da kura su yi sauran aikin. Samari har sun kawo igiya. Baba ya ce a kai ta gefen gonarmu, binne ta zai yi. Aka yi ta ƙus-ƙus, wasu suna cewa yunwa ta taɓa tsohon, ina aka taɓa yi wa alfadari kabari. Bai kula su ba. Ya sallami kowa, ya miƙo mini diga, shi ya riƙe kwando. Ƙasar wurin tsakuwa ce zalla, kowane sara sai ta yi tartsatsi. Hatsi ya kewaye mu, ya fi mu tsawo, iska tana kaɗa shi.

Na kai gwiwa a cikin ramin, sai ya yi magana ba tare da ya dube ni ba. "Kawunka bahago na. Shekara arba'in na san ɗaurinai. Ƙullin da na kwance ranan nan na hannun dama na."

Digar ta tsaya a hannuna. Ya ce, "Ina ka kwance?"

Na ce, "Gindin aduwa, wajen babban dutse."

"Ka gani?"

"Na gani, Baba."

Ya jinjina kai, ya zubar da kwandon tsakuwa, ya dawo ya tsuguna a bakin ramin. Ina jiran zagi, wallahi da ya zage ni ko ya ɗaga hannu da na ji sanyi. Sai ya ce, "Da ni na ishe kaina gindin aduwag ga, da irin gida biyar, ban san abin da za ni yi ba. Wataƙila ni ma in mayar. Kuma ni na ɗunke bakin akumarin, ba wani ya riƙe min hannu ba." Ya ɗago ya dube ni. "Wata biyu ina jiran ka zo ka ce min ka gani, don in ce maka ni ma na gani tun cikin gida. Ka bar ni ina ɗauke da nawa, kai kana ɗauke da naka, muna gaisawa kullum sahe."

Na sunkuya a cikin ramin na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina ƙarami, ni mai mata da 'ya. Bai rarrashe ni ba. Ya bari sai da na gama, sannan ya sauko cikin ramin da tsofaffin gwiwoyinsa, ya tsaya kusa da ni, ya auna tsawon da ido.

Ya ce, "Ƙara ta wajen ga. Doguwa ta, kada mu lanƙwashe mata baya."